Zaitun a Kasko: A Bar Shi Ya Yi Kama da Zaitun

Bonsai sana'a ce ta renon itace a cikin kasko, ana datse rassansa da saiwoyinsa shekara da shekaru har ya fito da kamannin tsohon itace alhali tsayinsa bai wuce kamu biyu ko uku ba. A ƙasar Sin ta faro, Japanawa suka goge ta suka raɗa mata sunan da duniya ta sani. Da ta isa ƙasashen gaɓar Bahar Rum, masu sha'awarta a Sifen da Italiya suka waiwayi zaitun, suka tarar da itacen da ya dace da ita ƙwarai: yana jure ƙishirwa, yana jure sara, kuma ko tsohon kututturen da ba ganye ko ɗaya a jikinsa yakan sake toho. Duk da haka sau da yawa za ka ga wanda ya yi shekara biyar yana wahala da zaituninsa, itacen na raye amma ba ya burge kowa, rassa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. A ganina yawancin wannan ɓarna daga wuri guda take fitowa. Mai itacen ya ɗauki siffar itacen fayin na Japan, mai ganye kamar allura, ya tilasta wa zaitun ita.

Duba yadda zaitun yake tsufa a inda Allah ya halicce shi. Wanda ke ƙauyen Buves a tsibirin Kirit na Girka, da ake ƙiyasta shekarunsa sun haura 2000, gangar jikinsa ta murɗe kamar igiyar da aka tufka, cikinsa ya zama kogo, gindinsa ya kumbura ya yi ƙullutai. Rassan irin waɗannan itatuwa sama suke nufa da farko, sannan su bazu gefe, sai ƙananan ƙarshensu su ɗan sunkuyo, kan itacen ya yi faɗi kamar laima mai huji-huji da haske ke ratsawa. Fayin kuwa gangarsa guda ce, rassansa suna gangarowa ƙasa, kansa ya yi tsini. In ka lanƙwasa rassan zaitun ƙasa don su yi kama da na fayin, kana jayayya da ɗabi'ar itacen ne, kuma shi zai yi nasara: reshen da aka sunkuyar fiye da kima yakan yi rauni, itacen ya juya ƙarfinsa zuwa sababbin toho da ke fita tsaye daga gindi ko daga saman gangar, ka wayi gari reshen da ka ɓata shekara biyu kana gyarawa ya bushe.

Kafin almakashi ko waya, sai ka san wane zaitun ne a hannunka, domin iri biyu ne kuma ba reno ɗaya suke so ba. Akwai na gona, wanda manoma suka zaɓa tun dubban shekaru saboda 'ya'ya da mai, irin su Pikuwal na kudancin Sifen, da Arbekina na Kataloniya, da Koronaiki na Girka. Ganyensa dogo ne siriri, yakan kai santimita 5 ko fiye, kuma tazarar da ke tsakanin ganye da ganye tana da tsawo. Akwai kuma na daji, wanda Sifaniyawa ke kira acebuche, mutanen tsibirin Mayorka kuma ullastre. Ganyensa gajere ne mai ɗan zagaye, rassansa a cunkushe, wani lokaci ƙarshensu ya yi tsini kamar ƙaya. Wanda ya taɓa ganin aduwa ko kurnar da awaki suka addaba, ta kasa tsawo ta dunƙule ta cika da ƙananan rassa, ya riga ya san abin da ake nufi, gama haka awaki da iskar teku ke yi wa zaitun na daji a kan duwatsun Mayorka. Da yawan datsa, ganyensa kan koma bai fi santimita 1 ba. Saboda haka in ƙaramin bonsai kake so, na daji za ka nema. Na gona kuwa a ba shi girma, ya kai santimita 60 ko sama, don dogon ganyensa ya dace da jikinsa. Wanda ya matsa wa na gona lallai sai ya yi ƙanƙanin ganye irin na ɗan'uwansa, zai yi ta aske shi har ya raunana shi.

Ginin rassa kuwa almakashi ne jagora, waya mataimakiya ce. Ganyen zaitun bibbiyu yake fita, ɗaya na fuskantar ɗaya, kuma a hammatar kowane ganye akwai idon toho. Ka bar sabon reshe ya miƙe ya yi ganye tagwaye shida ko takwas, sannan ka yanke shi ka bar tagwaye ɗaya ko biyu. Daga wurin yankan rassa biyu za su fito, biyun nan su zama huɗu a yanka na gaba, haka har kan itacen ya cika. Reshen da kake so ya yi kauri kada ka taɓa shi tukuna, bar shi ya yi ta tsawo har kaurin ya samu, sannan ka dawo da shi baya. Waya ana naɗa ta ne a reshe tun yana ɗanye, bai fi kaurin fensir ba, a yi amfani da ta alminiyam mai kaurin kusan sulusin reshen. Da zarar itacen zaitun ya ƙosa sai ya yi tauri da gautsi, ya tsage a mahaɗa in an matsa masa, ba tare da ya yi gargaɗi ba. A lokacin toho kuma ana duba wayar kowane mako, domin ɓawon sabon reshe sumul yake, in waya ta nutse a ciki tabon kan daɗe bai ɓace ba. Tohon da ke fitowa daga gindi a cire shi da yatsa tun yana ƙarami, sai fa in ana so a mai da ɗaya ganga ta biyu.

Wani zai ce ai ƙa'idojin Japanawa ba a banza aka kafa su ba, kuma sun hana barin mataccen itace a jikin bishiya mai faffaɗan ganye. Wannan magana tana da tushe. Sun hana ne saboda itacen irin waɗannan bishiyoyi yana da laushi, yana ruɓewa da wuri a ƙasa mai yawan ruwa irin tasu. Itacen zaitun kuwa mai tauri ne da nauyi, kuma a busasshiyar ƙasar da ya fito mataccen sashensa kan zauna shekaru a jikin mai rai. Dalilin hanin bai shafe shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a fiƙe matattun rassa su yi tsini, a shafe su da ruwan farar wuta har su yi fari fat. Mutuwar zaitun kogo ce da tsaga da rami, launinta toka-toka. A sassaƙa da bin zaren itacen, in za a shafa maganin a ɗan surka shi da baƙin tawada. A kuma kula da cewa kowane babban reshe yana da hanyar ruwansa da ke gangarawa zuwa wasu saiwoyi, in ka sare shi gaba ɗaya ɓawon da ke ƙarƙashinsa na iya mutuwa har gindi. Ka bar ɗan toho a wurin saran har itacen ya daidaita.

Mai son 'ya'ya ma yana da ƙorafi, kuma gaskiyarsa ne. Zaitun a reshen bara yake fure, don haka datsar da na bayyana tana kwashe furen baɗi. Ba a samun ginin rassa da 'ya'ya duka a shekara guda. A gina rassa tukuna, in itacen ya kammalu sai a riƙa barin wasu rassa kaɗan ba a taɓa ba. Na gona ne ya cancanci wannan haƙuri, don 'ya'yan na daji ƙanana ne, yawancinsu ƙwallo. Sannan fure yana bukatar makonni na sanyin hunturu. A wuri mai zafi irin Kano ko Maraɗi itacen zai iya rayuwa ya yi ganye, amma kada a sa rai da 'ya'ya, kuma damina ta fi rani haɗari a gare shi, saboda saiwar zaitun ba ta son kwana cikin ruwa. A cika kaskon da tsakuwa ƙanana ko ɓarɓashin dutsen aman wuta, a guji laka, a tabbatar hujin ƙasan kaskon a buɗe yake, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake ban ruwa. Rana yake so sosai. In an ajiye shi a ɗaki ganyensa zai yi girma, rassa su yi tsawo ba ƙarfi, ƙwari masu ɓawo su manne masa su bar baƙin danƙo a ganye.

Saura batun inda ake samo itacen, wanda bai kamata a tsallake ba. Kututturen da ya fi kyau shi ne wanda ya tsufa a daji, shi ya sa ake haƙo su, kuma cinikin tsofaffin zaitun ya yi yawa har yankin Balensiya na Sifen ya kafa doka a 2006 don kare manyan itatuwansa masu tarihi. A Sahara ma akwai wani zaitun na daji da ya rage a duwatsun Hoggar na Aljeriya, da Abzin a Nijar, da Jabal Marra a Sudan. Kaɗan ne, da ƙyar suke haihuwa, bai kamata a taɓa su ba. Ba a ma bukatar hakan, tunda zaitun yana kamawa daga yankakken reshe, har mai kauri, kuma kututturen da manomi ya tumɓuke yana gyaran gona kan yi saiwa ko da an datse ƙasansa da zarto. Ana yin wannan aiki ne bayan sanyi ya wuce, a dasa shi a akwati mai faɗi, a ɗaure shi kada ya motsa, a bar shi shekara ɗaya ko biyu yana toho yadda ya ga dama kafin a zaɓi rassan da za a gina a kansu.