Takardar Neman Aiki: Yadda Za Ka Nuna Abin Da Ka Iya

Hausawa sun daɗe a Sudan. Wasu hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu. Wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da guminsu suka kafu: noman auduga a Jazira, ɗinki, tuƙi, da saye da sayarwa a kasuwar Umdurman. A da, in mutum yana neman aiki, dattijon unguwa ne zai kai shi wurin maigida ya ce, "Na san shi, na san ubansa." Magana ta ƙare.

Yau ba haka abin yake ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya warwatsa mutanen Kartum da Umdurman da Bahri. Wanda ya san aikinka wataƙila yana Masar ko wani gari mai nisa. Kamfani ko ƙungiyar agaji kuwa ba su san ka ba. Za su ce ka kawo "sira zatiyya", wadda 'yan boko ke kira CV. Ita ce za ta yi magana a madadinka.

Abin da ake rubutawa

1. Cikakken suna, daidai yadda yake a fasfo ko takardar lambar ɗan ƙasa.
2. Lambar wayar da ke aiki, da unguwar da kake zaune yanzu.
3. Aikin da kake nema, a layi ɗaya.
4. Ayyukan da ka taɓa yi. Fara da na baya-bayan nan. Faɗi wurin da shekarun.
5. Karatu: takardar sakandare ta Sudan, cibiyar koyon sana'a, ko ajin yaƙi da jahilci.
6. Harsunan da kake ji. Faɗi wanda kake magana da shi kawai, da wanda kake karantawa kana rubutawa.
7. Mutum biyu da za su shaide ka. Nemi izininsu tukuna.

Faɗi aikin, bar yabon kai

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Dubi waɗannan rubuce-rubuce biyu na makaniki ɗaya.

Na farko: "Ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana."

Na biyu: "Na yi shekara shida ina gyaran raksha (babur mai ƙafa uku) a wani gareji a Umdurman. Ina sauke inji, ina canza fistin, ina gyaran birki da wayarin. Na koya wa yara uku aikin."

Kowa yana iya rubuta na farko, har malalaci. Na biyu kuwa sai wanda hannunsa ya sha baƙin mai. Mai ɗaukar aiki yana karantawa ya san inda zai sa shi.

Ke ma 'yar'uwa, kada ki ce ba ki taɓa aiki ba don ba ki zauna a ofis ba. Mai sayar da shayi tana iya rubutawa: "Na yi shekara huɗu ina sayar da shayi da gahawa kusa da kasuwar Libiya. Ni nake saro kaya, ni nake lissafin ciniki kullum, kuma ina karɓar kuɗi ta manhajar Bankak." Wannan ya nuna ta iya kuɗi, ta iya hulɗa da jama'a, tana kuma sammako.

Shekarun yaƙi da takardun da suka ɓata

Kada ka bar waɗannan shekaru fanko, kada kuma ka ji kunyarsu. In ka yi gudun hijira, faɗi haka a taƙaice. In ka yi aikin sa kai a takiyyar unguwa, inda ake dafa wa jama'a abinci, rubuta abin da ka yi: ɗebo ruwa, girki, rabon abinci, ko rubuta sunayen gidaje. Aiki ne, kuma shaida ce ta amana.

In takardunka sun ƙone ko sun ɓata, nemi tsohon maigidanka ta waya ya rubuto maka takardar shaidar aiki. Takardun da suka tsira kuwa, ɗauki hotonsu da waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye maka.

Kafin ka miƙa

Shafi ɗaya ya isa. Rubuta da Larabci in wurin na 'yan ƙasa ne. Ƙungiyoyin ƙasashen waje sukan so Turanci, don haka ka bi harshen sanarwar aikin. In wani ne ya buga maka a kwamfuta, sa shi ya karanta maka daga farko har ƙarshe, domin sunanka ne a kai ba nasa ba. Duba lambar wayar sau biyu: kuskuren lamba ɗaya ya isa ya raba ka da aikin.

Kada ka rubuta abin da ba ka iya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar ganawa za a iya miƙa maka sufana ko littafin lissafi a ce, "Bismillah, nuna mana."

Aikin yi

1. Rubuta ayyuka uku da ka taɓa yi, da wuri da shekara.
2. A ƙarƙashin kowanne, rubuta abu biyu da kake yi da hannunka.
3. Karanta wa abokin karatunka. In ya tambaye ka, "To, me ka iya?" sai ka sake rubutawa har amsar ta fito fili.