Mena ta Mata: Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Nijar

1. A filin unguwa

La'asar ta yi a garin Gure, rana ta yi sanyi. Yara maza sun fito fili bayan makaranta. Sun aje duwatsu biyu gabas, biyu yamma, su ne raga. Suna buga ƙwallo cikin rairayi, ba takalmi. Wasu suna ce mata balo, wasu tamaula.

Wata yarinya ta ɗebo ruwa daga famfo, za ta gida. Ƙwallo ta gangaro gabanta. Ta sauke bokiti, ta buga da ƙafar hagu. Ƙwallo ta tashi, ta faɗa daidai gaban wanta.

Wan ya ce: "Ke, ɗauki ruwanki ki kai gida. Ƙwallo ba ta mata ba ce."

Ta ce: "Yaya, ai na ji a rediyo Nijar tana da ƙungiyar mata."

Ya yi dariya, ya ce: "Waccan da kullum ake cinye ta?"

Yarinyar ta faɗi gaskiya, ƙungiyar tana nan. Shi ma wan bai yi ƙarya ba, an ci ta sau da yawa. Amma tarihin ƙungiyar ya fi maganarsu tsawo.

2. Sunan ƙungiya

Kowace ƙasa tana da ƙungiya ɗaya da ke wasa da sunanta. Ana zaɓo ƴan wasan daga ƙungiyoyin garuruwa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, wadda ake kira FENIFOOT, ita ke kula da wannan aiki. Mazauninta yana Yamai.

Sunan ƙungiyar Nijar Mena. Akwai Mena ta maza, akwai Mena ta mata. Mena dabbar daji ce, irin barewa, amma ta fi sauran bareyi girma. Tana da dogon wuya da dogayen ƙafafu. Wuyanta da bayanta ja ne, cikinta fari. Tana da gudu, tana jure ƙishirwa.

Farauta ta rage mena ƙwarai, saura kaɗan a duniya. Ɗaya daga cikin wuraren da ta rage shi ne dutsen Termit, arewa da Gure. A shekarar 2012 gwamnati ta keɓe yankin Termit da Tin Tumma domin kare namun daji. Ke nan dabbar da ƙungiyar ƙasa ta ɗauki sunanta maƙwabciyar mutanen Gure ce.

3. Dokokin wasa

Dokar wasan mata da ta maza ɗaya ce. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11, har da mai tsaron gida. Ana yin minti 45, a huta, a sake yin minti 45. Faɗin raga mita 7 da santimita 32, tsayinta mita 2 da santimita 44. Idan ƙwallo ta shiga raga, an yi ci ɗaya.

Kafin ƙasa ta je babbar gasa, sai ta yi wasannin share fage. Ƙasashe biyu suna karawa sau biyu. Ana haɗa cin wasa na farko da na biyu. Wadda ta fi yawan ci ita ke wucewa gaba, ɗayar kuma ta koma gida.

4. Wasannin Mena ta mata

Mena ta maza ta daɗe tana wasa. Ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Mena ta mata kuwa yarinya ce a fagen ƙwallo.

A shekarar 2007 aka shirya wata gasa ta mata a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Matan Nijar suka je. Suka kara da masu masauki, aka ci su 10 da 0. Bayan wannan aka daɗe ba a ga ƙungiyar a manyan gasanni ba.

A 2018 ƙungiyar hukumomin ƙwallo ta Afirka ta Yamma, wato UFOA, ta shirya gasar mata a Abijan, ƙasar Kodebuwa. Mena ta shiga. Gana ta ci ta 9 da 0, kuma Gana ce ta ɗauki kofin. A watan Mayu na 2019 aka sake yin gasar a Abijan. A nan Najeriya ta ci Nijar 15 da 0.

Duk da haka ƙungiyar ba ta watse ba. Ta shiga share fagen gasar cin kofin Afirka ta mata sau uku a jere. Ga yadda wasannin suka ƙare:

Shekarar 2021, da Kodebuwa: an ci Nijar 9 da 0, an kuma ci ta 11 da 0.

Shekarar 2023, da Tunisiya: an ci Nijar 7 da 0, an kuma ci ta 5 da 1.

Shekarar 2025, da Gambiya: an ci Nijar 2 da 0, an kuma ci ta 2 da 1.

5. Yadda ake karanta sakamako

Wanda ya karanta waɗannan lambobi da gaggawa zai ce: "An ci su, an ci su, an kuma ci su." Wanda ya iya lissafi zai tsaya ya haɗa, ya ɗebe.

A 2021 an zuba wa Mena ƙwallo 20, ita ba ta ci ko ɗaya ba. Rata 20 ke nan. A 2023 an zuba mata 12, ta rama 1. Rata ta zama 11. A 2025 an zuba mata 4, ta rama 1. Rata ta koma 3.

Amma akwai abin lura. Abokan karawar ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kodebuwa ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya a 2015. Tunisiya ta je gasar Afirka fiye da sau ɗaya. Gambiya ba ta kai su ba. Saboda haka raguwar rata kaɗai ba ta isa a ce Mena ta kamo manya ba. Abin da lambobin suka tabbatar shi ne, ƙungiyar da a da take ɓacewa shekaru ta koma fitowa gasa bayan gasa. Ƙungiyar da ba ta wasa ba ta koyon komai.

6. Maƙwabta

Kudu da jihar Damagaram akwai Najeriya. Ƙungiyar matanta, Super Falcons, ita ce ta fi kowace cin kofi a Afirka. Ta ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10 ranar 26 ga Yuli, 2025, a Rabat. A ran nan Maroko ta fara cin ta 2 da 0. Bayan hutun rabin lokaci matan Najeriya suka farke, suka ƙara ɗaya, aka tashi 3 da 2.

Su ma da rarrafe suka tashi. An yi gasar cin kofin duniya ta mata karo na farko a ƙasar Sin a 1991. Ƙasashe 12 suka je, kuma minti 80 ake yi a kowane wasa. Najeriya ce ta wakilci Afirka. Jamus ta ci ta 4 da 0, Italiya ta ci ta 1 da 0, Taiwan ta ci ta 2 da 0. Ta koma gida ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba. Shekara takwas bayan haka, a 1999, a Amurka, ta kai cikin ƙasashe takwas na ƙarshe. Brazil ta fitar da ita da ƙyar, 4 da 3. Daga baya ƴar wasanta Asisat Oshoala ta zama gwarzuwar ƴan wasan Afirka har sau shida.

Ko a Turai hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A Ingila, inda aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa, hukuma ta hana mata wasa a filayenta a 1921. Hanin ya kai kimanin shekara 50 kafin a ɗage shi.

7. Daga ina ƙarfin ƙungiya ke fitowa?

Ƴan wasa 11 ne ke shiga fili, amma ba daga sama suke faɗowa ba. Ana zaɓar su cikin masu yawa. Idan yara mata dubu suna wasa a ƙasa, mai horarwa zai zaɓi 11 cikin dubu. Idan dubu ɗari ne, zai zaɓa cikin dubu ɗari.

Abu na biyu, shekarun farawa. Yaro namiji yakan fara buga tamaula tun yana ƙarami, kullum yamma. Ƙanwarsa kuwa a lokacin tana ɗebo ruwa, ko daka, ko talla, ko goyon ƙani. Idan ta fara wasa bayan ta girma, an riga an yi mata nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na uku, makaranta. A filin makaranta ne yarinya ta fi samun damar gudu da tsalle da wasa cikin tsari, gaban malami. Yarinyar da aka cire daga aji ta rasa karatu, ta rasa filin wasa kuma.

Abu na huɗu, nisa. Babban filin wasa na ƙasa, filin Janar Seyni Kunce, yana Yamai. Daga Gure zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. Idan ba a shirya gasa tsakanin makarantu da garuruwa ba, yarinya mai baiwa za ta girma a Muniyo ba wanda ya gan ta.

Wasu iyaye suna damuwa da sutura. Wannan damuwa tana da amsa. Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta yarda mace ta yi wasa da kanta a rufe. A gasar duniya ta 2023 wata ƴar wasan Maroko, Nouhaila Benzina, ta yi wasa da hijabi, hannuwanta da ƙafafunta a rufe.

Manoman kwarin Gure sun san dabino. Wanda ya dasa shi bana ba ya cin ƴaƴansa baɗi. Sai ya yi shekaru yana ba shi ruwa, yana kare shi daga rairayi da awaki. Haka ƙungiyar ƙasa take. Najeriya ta je gasar duniya shekara 16 kafin matan Nijar su je Wagadugu.

8. A filin unguwa kuma

Kashegari yarinyar ta kai ruwa gida da wuri. Ta zo ta tsaya bakin fili da ƙawayenta uku. Wan ya dube su, ya dubi abokansa. Ɓangarensa mutum biyar ne, ɗaya ɓangaren bakwai.

Ya ce: "To, ki shigo. Amma in kin faɗi kada ki yi kuka."

Ta ce: "Yaya, in na faɗi zan tashi."

Abin tunawa

Mena ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar. Mena ta mata ta yi wasa a Wagadugu a 2007. An ci ta sau da yawa, amma ta ci gaba da shiga gasa. Ƙarfin ƙungiyar ƙasa daga filayen makarantu da na unguwanni yake fitowa.

Kalmomi da Faransanci

ƙungiyar ƙasa: équipe nationale
gasa: compétition
share fage: éliminatoires
mai tsaron gida: gardien de but
mai horarwa: entraîneur
alƙalin wasa: arbitre
ci: but
rata: écart

Tambayoyi

1. Mece ce mena? A ina ake samun ta kusa da Gure?
2. Wace hukuma ke kula da ƙungiyar ƙasa?
3. A wane birni matan Nijar suka yi wasa a 2007?
4. Me ya sa raguwar rata kaɗai ba ta isa a ce Mena ta kamo manya ba?
5. Yaya Najeriya ta ƙare a gasar duniya ta 1991? A ta 1999 fa?
6. Ku kawo abubuwa huɗu da ke ƙara wa ƙungiyar ƙasa ƙarfi ko su rage shi.

Lissafi

1. Ku haɗa dukan ƙwallayen da aka zuba wa Mena a share fagen 2021, 2023 da 2025.
2. Wasa ɗaya minti 90 ne. Minti nawa ke cikin wasanni shida? Awa nawa ke nan?
3. Wasan gasar duniya ta 1991 ya gaza na yau da minti nawa?

Aiki

1. Ku zana taswirar Afirka ta Yamma. Ku sa alama a Gure, Damagaram, Yamai, Wagadugu da Abijan.
2. Ku ƙirga yaran ajinku, maza da mata. Ku tambayi kowa abin da yake yi tsakanin la'asar da magariba. Ku rubuta amsoshin a allo, ku kwatanta.
3. Ku rubuta jimla biyar da Hausa a kan wasan da kuka fi so. Ku juya biyu daga ciki zuwa Faransanci.