Ina Son Taurari Yake Kai Ku?

'Ya'yana, ba zan hana ku son taurari ba. Mu ma a zamaninmu mun yi layi a ƙofar silima, mun haddace sunayen jaruman Indiya kamar 'yan gidanmu. Abin da nake so ku duba shi ne inda son nan yake kai ku.

A 1966 aka fara nuna Star Trek a talabijin a Amurka, ƙagaggen labari na wani jirgi mai ratsa sararin samaniya. Cikin ma'aikatan jirgin akwai Uhura, baƙar fata, jami'ar sadarwa, kuma Nichelle Nichols ce ta fito a matsayinta. A wancan lokaci, in ka ga baƙar mace a allo, galibi 'yar aikin gida ce. Da aka gama zangon farko, Nichols ta yi niyyar barin shirin, sai Martin Luther King ya roƙe ta kada ta tafi, don yara baƙaƙe na kallonta.

Ashe kuwa gaskiyarsa. Wata yarinya a Chicago, Mae Jemison, na cikin masu kallon. Ba ta tsaya ga kwaikwayon gyaran gashin Uhura ba, littafi ta runguma. Ta yi injiniyancin sinadarai a Stanford, ta yi likitanci a Cornell, ta zo nan Afirka ta Yamma ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya. A Satumbar 1992 ta shiga kumbon Endeavour, ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya. Duk lokacin da na tuna wannan, sai zuciyata ta yi sanyi.

Kwanan baya jikana ya miƙo mini wayarsa. Hoton gwaninsa ne a fuskar wayar, har askinsa ya kwaikwaya. Ya san motocinsa, ya san ranar aurensa. Na ce, "Shekara nawa ya yi yana koyon sana'ar kafin a san shi?" Ya sunkuyar da kai, ya yi shiru.

Ban ga laifinsa ba, allo ba ya nuna gumi. Amma ku, ku je ku binciko shekarun wahalar gwanayenku, lokacin da ba mai tafa musu, sannan ku dawo ku faɗa mini abin da za ku fara koya. Allah ya yi muku albarka.