Kifin da Ruwa Kan Iya Kashewa

Manomin da ke haƙa busasshiyar fadama a Mainika, ko wajen Kabo, da rani, wani lokaci yakan tono dunƙulen laka da gaiwa a ciki, a naɗe, da ranta. Watanni ke nan ba ta ga ruwa ba. To, da me take numfashi?

A aji mukan koya wa ɗalibai cewa kifi yana tsotse iskar oksijin daga ruwa ne da jajayen tsokokin nan masu kama da mataci da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Haka ne, amma aikin yana da tsada. Oksijin ɗin da ke cikin ruwa bai wuce kashi 1 cikin 30 na wanda ke cikin iska mai yawansa ba, ga shi ruwa yana da nauyin turawa. Saboda haka wasu kifayen sun sami sauƙi ta wata hanyar.

Akwai wani kifi mai siffar maciji a kogunan Turai, ana kiransa il. In ruwa ya yi sanyi, oksijin kuma ya wadata, yakan dakatar da motsa kunnuwansa na 'yan mintoci, sannan ya ci gaba. Fatarsa ma tana shaƙar oksijin, abin da August Krogh, masani ɗan ƙasar Denmark, ya auna tun a 1904. Da wannan fata yake ratsa ciyawa mai raɓa da dare. Sharaɗi ɗaya ne: ta kasance da danshi, domin oksijin sai ya narke kafin ya shiga jini.

Gaiwarmu ta fi shi nisa, don huhu gare ta sosai. In tabki ya fara ƙafewa takan nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina wadda ke bushewa kamar kwanso, ta bar 'yar kafa a bakinta. Sai ta rage aikin jiki ƙwarai, tana rayuwa da tsokarta. Masu cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba. Sun ma riga mu gani. Babbar gaiwa kuwa, in aka hana ta leƙowa sama, a cikin ruwan za ta mutu.

Malamin da bai sami gaiwa ba, ya sa tarwaɗa mai rai a daro, ɗalibai su ƙirga sau nawa take leƙowa ta haɗiyi iska cikin minti 10. Su maimaita da ruwan da ya wuni a rana, su kwatanta.