Maƙwaƙƙwafi Da Yadda A Ke Ɗaukar Hotonsa

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin wani tsuntsu wanda mu kan ji shi kullum amma ba safai mu kan gan shi ba, watau maƙwaƙƙwafi. Akwai irinsa fiye da 200 a duniya. Wanda na fi gani a ƙasar Mubi shi ne mai kai ruwan toka. Namijin yana da ja a tsakar kai, macen kuwa ba ta da shi.

Allah ya yi masa kayan hawan itace. Yatsunsa huɗu ne, biyu gaba, biyu baya. Gashin wutsiyarsa mai tauri ne, da shi ya ke dogarawa sa'ad da ya ke sara. Harshensa dogo ne ainun, ya kan zura shi cikin rami ya zaro tsutsar da ke cin itacen.

Lokacin da ya fi kyau a neme shi shi ne farkon bazara, wajen watan Maris, domin hazo ya ragu, itatuwa da yawa kuma sun kaɗe ganye. Ni na kan fita bayan sallar asuba in bi bakin kogin Yedzaram, ko gindin duwatsun Mandara. Kunne ke fara aiki kafin ido. In ka ji ƙwas, ƙwas, sai ka tsaya cik, ka dubi busasshen reshe.

To, ga ka'idodin hoto. Ka ba rana baya, don haskenta ya sauka bisa tsuntsun. Ka jingina kyamara ko waya da itace, kada hannu ya yi rawa. Kada ka bi shi, gama zai zagaya bayan itacen ya ɓuya. Zauna ka jira, mahaƙurci mawadaci. In ka sami ramin sheƙarsa, kada ka matsa kusa, don kada iyayen su ƙi kawo wa 'ya'yansu abinci.

Abin da ke damuna shi ne busassun itatuwan da ya ke sheƙa a ciki su ne masu itacen wuta ke fara sarewa. Gobe mu ne malaman makaranta. Lalle ne mu nuna wa yara hotunan nan, mu koya musu cewa tsuntsun da ke raba itace da tsutsa bai cancanci harbin danƙo ba.