Suracen da ya ci ƙafar Hajiya

Tun kafin Sallah nake son yin wannan magana, aiki ya hana, kuma raina bai gama sauka ba har yau. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Yamai, yawancin aikina a ɗakin wankin ciwo nake yinsa. Masu tari da sarƙewar numfashi akwai inda ake kai su, akwai waɗanda aka ware domin kula da su. Masu zuwa hannuna su ne waɗanda aka fara yi wa magani a gida, sai da abu ya lalace aka tuna da mu.

Tun ranar 19 ga Maris 2020 da aka sanar da mutum na farko mai korona a Nijar, benci a asibiti ya fara zama wayam. Da shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi jawabin 27 ga Maris, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka rufe Yamai ba shiga ba fita, sai ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya. Ji-ta-ji-ta ta cika gari: wai duk wanda ya je asibiti da mura za a ce korona gare shi, a killace shi, in ya mutu ko gawarsa ba za a ba dangi ba. Masu suga, masu hawan jini, masu ciki, duk suka koma ɗaki suka zauna.

Hajiyar da zan ba ku labarinta ta haura sittin. Suga gare ta fiye da shekara goma, ga hawan jini a kai. Mace ce mai kiyaye lafiyarta, karnenta ma shaida ne: wata bayan wata, awo, hatimi, sa hannun likita, babu tsallake. Shafin ƙarshe an rubuta randebu na Afrilu, daga nan sai farar takarda.

Babban ɗanta ne ya hana ta zuwa. Ya ji a rediyo cewa tsofaffi masu suga su cutar ta fi kayarwa, kuma gaskiya ya ji. Sai ya yanke cewa Hajiya ba za ta leƙa ko ƙofar gida ba. Maganinta ya ƙare, ba wanda ya ɗauki karne ya je ya karɓo sabuwar ordonansi. Na'urar awon suga tana nan cikin kwalinta, tsinkayen awon sun ƙare, ba a sayo ba. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin zafin nan da kuka sani, Hajiya ta ɗauka ba tare da an tambayi kowa ba.

Sai mura ta kama ta, irin wadda mutum kan yi in ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara da buɗa-baki ya kwanta ƙarƙashin fanka. Gida ya rikice. A lokacin kuwa wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, wai zafi yana kashe ƙwayar cutar tun tana hanci, kowa ya yi surace. Kullum bayan an yi asham a tsakar gida, sai a ɗora babbar tukunya, ganyen dogon yaro, ganyen mangwaro, lemun tsami, a jefa man zafi a ciki, a sauke tana ɓararraka, a lulluɓe mutum da bargo. Manya da yara, layi ake yi.

Wani dare aka ɗauke wuta Hajiya tana cikin bargo. Ga wanda ya wuni bai ci ba bai sha ba, ga suga ba magani, ga tururi. Jiri ya ɗebe ta, ta dafa, tukunya ta karkace a kan ƙafarta ta dama. Da aka haska da fitilar waya aka yaye bargon, ita ce ma take ba su haƙuri. Ta ce ba ta jin zafi, a bar ta. Duk wanda ya san ƙafar mai tsohon suga ya san wannan maganar ita ce abin tsoro. Su kuwa sai suka yi hamdala.

Da safe ƙafa ta yi bororo tun daga yatsu har idon sawu. Aka fasa da allurar ɗinki. Aka shafa man goge haƙori, aka fasa ɗanyen ƙwai a kai, wata maƙwabciya ta kawo man shanu. Da ta fara kumburi aka kira wani mai allura na unguwa, irin masu yawo da jaka a bayan babur, waɗanda ko shara ba su taɓa yi a makarantar koyon jinya ba amma ana kiransu likita. Ya yi mata deksa saboda kumburi. Mai suga, deksa! Ya yi mata diklo safe da yamma. Ya ɓare kafso mai ja da rawaya ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya naɗe da auduga. Ya ƙara musu da kulorokin, wai ko da korona ce. Kullum ya zo ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai taɓa cewa a auna suga ba.

Daren da jikinta ya yi zafi rau, ta fara sambatu tana kiran sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, lokacin an riga an sassauta dokar hana fita zuwa ƙarfe 9 na dare. Sun ga goma ta wuce, sai suka ce a jira asuba kada jami'an tsaro su tare su. Gida cike da wayoyi, ba wanda ya buga lambar agajin gaggawa, 15.

Da safe suka iso a taksi. Ɗan ya ce, "Majo, don Allah duba mana Hajiya, ƴar ƙuna ce ta samu."

Na ce, "Alhaji, yaushe abin ya faru?"

Ya ce bai fi kwana uku ba. Matarsa tana tsaye a bayansa riƙe da ledar magunguna, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yau kwana goma sha biyu."

Tun kafin in ɗaga zanen wari ya riga ya ba ni amsa, duk da takunkumin da ke fuskata. Audugar ta manne da nama, sai da na jiƙa ta da serom na riƙa ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan. A ƙarƙashi ga busasshen man haƙori ya yi fari-fari a gefen ciwon, ga garin kafso ya dunƙule da mugunya. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, sun bushe. Jan ya haura har tsakiyar ƙauri, in ka danna sai ka ji iska tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Na nemi bugun jini a bayan ƙafa ban samu ba. Suga ya haura giram 4. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni fa ban ji zafi ba ko kaɗan."

Nan take aka sa mata ruwa da insulin, aka tura ta wajen likitan tiyata. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. An ɗauki samfurin hancinta aka kai cibiyar gwaji ta CERMES, sakamako ya dawo babu korona. Tana raye, alhamdu lillahi, amma ƙodarta ta taɓu, kuma matar da take zuwa kasuwa da ƙafarta yanzu sai an ɗauke ta an kai ta bayan gida. Ɗan ya zauna a kan benci yana kuka yana cewa shi kare ta yake yi. Na san haka ne. An gudu gara an faɗa zago.

To ku ji. Suga ba ya jiran annoba ta wuce. Mai suga da ya ce ciwon ƙafarsa ba ya zafi, ranar za a kai shi asibiti. Surace ba ya kashe korona.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to ai dama babu cutar. Akwai ta. Ministan ƙwadago na lokacin, Mohamed Ben Omar, ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020, ita ce ajalinsa, kuma abokan aikinmu da yawa sun kamu. Waɗanda suka ƙona tayoyi a unguwar Lazare saboda dokar hana fita da rufe masallatai, da waɗanda suka kulle tsofaffinsu a ɗaki, duk ba su saurari ma'aikatan lafiya ba, kowa da irin tasa. An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, an ɗage dokar dare, wannan ba ya nufin cutar ta tattara ta tafi. A sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu, a buɗe tagogi iska ta shiga.

In kuna tsoron kai tsoho cikin cunkoso, akwai hanya. Ɗaya daga cikinku ya ɗauki karne da kwalayen maganin ya zo, mu yi magana, a rubuta masa na wata biyu ko uku in likita ya ga ya dace, a ba shi lokacin da babu jama'a ya kawo shi awo. Ku sayi tsinkayen awo ku riƙa aunawa a gida ku rubuta. Mai amfani da insulin, in ana yawan ɗauke wuta, ya sa kwalbar cikin leda ya binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa. Kada a sa ta wajen ƙanƙara, kada a bar ta a kan taga. Kuma kowane dare wani ya haska fitila ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Tsoho ba zai gaya muku ba, domin shi ma bai sani ba.

Ƙuna kuwa, ruwa mai tsabta ake kwarara mata na kamar minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a taho. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da man haƙori, ban da man shanu, ban da baƙin mai, ban da toka. Kada a fasa bororo. Man goge haƙorin nan, wallahi ban san wanda ya fara koya wa mutane shi ba, amma ya ja mana wahala ba kaɗan ba, domin sai mun kankare shi kafin mu ga ciwon, mai ciwo yana ihu. Yara ma an kawo mana su da ƙunar surace, a ciki da cinya. Ka lulluɓe yaro ɗan shekara uku da tafasasshen ruwa cikin duhun bargo, me kake jira ya faru?

Sai masu allurar unguwa da masu tallan magani a tire, waɗanda rana take dukan kayansu tun safe har yamma. Kasuwarsu ta buɗe a lokacin annobar. Kulorokin da suke sayar muku, ba ku san daga ina ya fito ba, ba ku san abin da ke ciki ba. Wanda aka riƙa bai wa masu korona a Asibitin Referans a 2020 likita ne yake rubutawa, yana sa ido a kan zuciyar mai sha. Yana iya rikita bugun zuciya, yana iya faɗar da suga, kuma ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro in ya tsinta ya haɗiye. Ba a shansa don rigakafi. Deksa tana hau da suga. Diklo yana cin ƙoda. Duk wanda zai soka wa mahaifiyarka allura bai tambayi karnenta ba, bai auna ta ba, nuna masa ƙofa. In kuma ka ga kwana biyu yana zuwa ciwo yana ƙaruwa, me ya rage ka gani?

Ruwan jabel na wanke ƙasa ne da marikin ƙofa. Ba a sha, ba a kurkure baki da shi, ba a zuba shi cikin tukunyar surace, ba a haɗa shi da wani maganin wanki. Ku daina ɗura shi a gorar lemo kuna ajiyewa kusa da randa. Jel ɗin hannu yana kama wuta, mai girki ta bari ya bushe kafin ta matsa kusa da gas.

Masu azumin ramuwa da Sitta Shawwal, in kuna shan maganin suga ku tambaya tukuna.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne damina. Sauro zai dawo, kuma in wannan tsoron bai bar zukatan mutane ba, yaro zai yi zazzaɓi a ce a ɓoye shi kada a ce korona ce, sai ya fara sanƙarewa a kawo shi jini ya ƙare. Zazzaɓi ga yaro ƙasa da shekara biyar, cikin kwana ɗaya a kai shi a gwada. A ɗaura gidan sauro tun yanzu. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun zo ƙofar gida, a buɗe musu. Iyaye mata da suka tsallake allurar rigakafin jarirai su dawo, ƙyanda ba ta san da wata doka ba. Masu ciki su koma awo. Naƙuda in ta zo da dare a fito, a kira 15 in babu mota.

Kuma don girman Allah, saƙon murya da ba ka san mai shi ba, wanda ya fara da "wani babban likita ya ce", kada ka tura wa gurup ɗin dangi. Wanda ya naɗi saƙon suracen nan yana can yana barcinsa, bai san da wata Hajiya ba.

Na sake faɗa: kada a hana mai suga ko mai hawan jini zuwa asibiti da sunan kare shi. Duk wanda ya san randebunsa ya wuce, ko na mahaifinsa, ko na mahaifiyarsa, gobe da safe ya sa takunkumi ya ɗauko karne ya zo. Faɗa dai za mu yi masa, amma za mu duba shi.