Ataya magani ce, amma ba da wannan sukarin ba

Ni ma'aikacin jinya ne a Parakou, kuma yawancin masu zuwa wurina awon hawan jini da na sukari mutanen tasha ne: direbobin manyan motoci masu bin hanyar Malanville zuwa Gaya, 'yan kamasho, 'yan zemijan masu haya da babur, da 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin kasuwar Arzeke da Zangon Djougou. Kusan kowannensu sai ya ce mini, "Likita, ai ataya tana wanke jini ko?" Ga amsar a fili, domin kowa ya amfana.

Ganyen da muke dafawa koren shayi ne, mafi yawansa daga China yake zuwa. Itace ɗaya ne da baƙin shayi, sai dai shi ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, don haka sinadaran da ake kira katecin suke zama a cikinsa da yawa. Amfaninsa ba ƙarya ba ne. Wani bincike da aka yi a yankin Ohsaki na Japan kan mutum sama da 40,000, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna masu shan koren shayi kofi 5 ko fiye a rana sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar jiki. Shayin kuma yana ɗan rage kitsen jini, yana wartsakar da mutum.

To amma mutanen Japan ba sa sa masa sukari, kuma jiƙa ganyen suke yi na ɗan lokaci. Mu kuwa sai mu bar buta a kan gawayi tana tafasa har shayin ya yi baƙi, ya yi ɗaci, sannan mu kashe ɗacin da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, cokalin shayi 12 ke nan, rabin haka ma ya fi. Wanda ya sha zubi na farko, na biyu da na uku a majalisar safe, ya maimaita da la'asar, ya kusa cinye rabonsa tun kafin a zo kan koko da lemon kwalba.

Ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina:

A rage sukari sannu a hankali, a ƙara na'a-na'a ko citta. Mai ciwon sukari ya roƙi mai dafawa ya zuba masa nasa kafin a sa.

A bar tazarar awa ɗaya aƙalla tsakanin abinci da shayi, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Mai ciki da mai ƙarancin jini su fi kowa kiyayewa, kuma kada su haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi.

A bari ya ɗan huce. Cibiyar binciken ciwon daji da ke Lyon ta bayyana a 2016 cewa abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 na iya jawo sankarar bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki.

Mai hawan jini, mai gyambon ciki da mai faɗuwar gaba su guji na farko, musamman da safe kafin a karya. Wanda ke kan maganin zuciya ya faɗa wa likitansa yawan shayin da yake sha.

A guji ƙwayoyin "rage ƙiba" na koren shayi da ake tallatawa. Hukumar kula da abinci ta Turai ta gano a 2018 cewa katecin mai yawa a irin waɗannan ƙwayoyi na iya taɓa hanta.

Ku kuma 'yan uwana direbobi, shayi yana ɓoye gyangyaɗi ne na 'yan awanni, bashin barcin yana nan. Idan ido ya fara nauyi a hanyar Kandi, a faka a kwanta.

Wanda ya haura shekara 40 kuma ataya ta zame masa abokiyar kullum, ya je a auna masa jini da sukari ko da sau ɗaya a shekara. Allah Ya ƙara mana lafiya.